Mai jegon da ta ajiye kunyar ɗan fari

Aikina wankan jego. Tun ina da ƙarfin sauke tukunyar ruwan zafi ni kaɗai nake yi wa matan Tudun Wada, har yanzu da sai an kama mini. Ban taɓa shiga aji ba, allo ma ban yi nisa ba, amma in mai jego ta shigo gidana, kafin ta gama tsallake zaure na gane irin tarbiyyar da aka yi mata. Ba ni da wasa, unguwa ta sani. Wadda ta noƙe wa ruwan zafi in danne ta, wadda ta zubar da kunun kanwa a bayan randa in dama wani in tsaya a kanta sai ta shanye. Cikin duk waɗanda suka bi ta hannuna, ɗaya ce ta yi mini gardama na ƙyale ta.

Uwarta ta taɓa zama haya a ɗakin da ke kusa da rijiyata. 'Yar gidan Kiristocin Zariya ce, Bahaushiya kamar ni, ubanta malamin makaranta. Ta musulunta ta auri wani magini ɗan Tudun Jukun, danginta suka ja baya da ita. Da mijin ya yi doguwar jinya ya rasu, danginsa suka ce ita ta kawo musu abin. Lokacin ba a kiran sunan ciwon sai da raɗa. Ƙanjamau ake cewa, ko a ce ciwon zamani a taɓe baki. Ba ta daɗe ba ita ma ta bi shi, ta bar yarinyar da ko famfara ba ta gama ba, kuma da ciwon aka haife ta.

Goggonta, yayar uban, ita ta ɗauke ta. Ba zan ci haƙƙin matar ba: ta ciyar, ta tufatar, ta sa ta makaranta, ta riƙa kai ta asibiti karɓar magani. Sai dai kofin yarinyar daban, kwanonta daban, ko da biki ake yi. Ga ta ƙarama, sa'o'inta sun yi mata nisa a tsawo, yaran layi suna ce mata 'yar tsana. A Islamiyya in faɗa ya haɗa su sai a tuna mata cewa ita jikar coci ce. In ta je gaishe da kakarta ta wajen uwa kuwa, hijabinta ake fara kallo kafin fuskarta. Duk inda ta juya akwai abin da ake ajiye mata. In an bar zancen ciwon a ɗauko na maraici, in an gaji da wannan a koma kan uwarta.

Da ta yi wayo ta fara zuwa asibiti ita kaɗai, sai ta riƙa biyowa ta gidana ta gaishe ni. Ba na tarairayar yara, ita ma ban tarairaye ta ba. Nakan miƙa mata tsintsiya ko in ce ta ja mini guga, ita kuma ta yi ta tambayata yadda uwarta take, ko tana da dariya, ko ta iya waina. Da kofina take shan ruwa, ban taɓa cewa komai a kai ba, ita ma ba ta ce ba. A idona ta yi girma. Jikinta ya makara amma ya zo. Ta gama sakandare, ta koyi ɗinki a wani shago a Kwangila. Ta ce mini a asibitin akwai ranar da masu irin ciwonta, samari da 'yan mata, suke haɗuwa su yi hira, nan ne kawai ba sai mutum ya sassauta murya ba. Na lura duk ranar da ta fito daga wurin nan, tafiyarta ma takan canza.

Yaron da ya aure ta mai gyaran waya ne a gefen shagonsu. Kafin ya turo manya ita da bakinta ta gaya masa. Ya je aka gwada shi, ba shi da komai. Ya ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, har ta cire rai, sai ga shi ya dawo ya ce ya je ya yi tambaya wurin likitoci, ya ji abin da ya ji, yana nan a kan bakansa. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Hajiya, ta yarda a baki. Ba ta taɓa furta sunan ciwon ba, ba ta kuma taɓa cin girkin surukarta ba.

A al'adarmu haihuwar fari gida ake zuwa wanka, wurin uwa. Da cikin ya tsufa, goggon ta ce gidanta ya yi cunkoso, ga matan 'ya'yanta da goyo. Sai ga yarinyar a tsakar gidana wata rana da la'asar, ta durƙusa da ƙyar saboda nauyi.

"Iya, an ce gida ake zuwa wanka. Ni ina ne gida?"

Na ce mata ɗakin uwarta babu kowa a ciki, ta kawo kayanta. Amma ta sani, a gidana ba a yi mini gardama.

"Zan yi miki, Iya. Gara in faɗa tun yanzu, kada ki ce na yaudare ki."

Na ajiye abin da ke hannuna na dube ta. Ta ce ruwan zafi ko tafasa yake yi za ta shiga, ba za ta ce uffan ba. Amma jaririn ba za a ba shi komai ba sai nono har wata shida, ba ruwa, ba zuma, ba rubutu, ba jiƙo. Kuma ba za a sa masa ƙarfe a baki ba. Ta yi mini bayani yadda aka yi mata: maganin da take sha ya danne ciwon a jikinta har ba ya motsi, jaririn ma za a ba shi nasa na ruwa, amma duk abin da zai ƙuje masa ciki ko ya yi masa rauni a inda nono ke bi, ƙofa ce aka buɗe wa ciwon. Na ce jariri baƙo ne, a ina aka taɓa hana baƙo ruwa, kuma a bazara. Ta ce ruwansa yana cikin nonon. Ban ce na yarda ba. Na ce Allah Ya sauke ta lafiya, za mu gani.

Ta haihu a asibiti, namiji, mijin ya kawo su a keke. Zafin shekarar nan ko ƙadangare ba ya son bango, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa.

Yaran yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba, mu kuwa da ita aka raine mu. Mace in ta yi haihuwar fari ba ta nuna ta san da abin da ta haifa. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, in ya yi kuka ta kau da kai sai an yi mata tsawa ta ba shi nono, shi ma tana rufe fuska. Ɗan na kakanni ne da goggonni, su za su yi masa wanka, su ɗura masa abin da suka ga dama, su miƙa shi hannu zuwa hannu. Da haka ake gane 'yar mutunci. Ni da na haifi nawa na fari, sai da aka yi kwanaki kafin in san kamanninsa sosai, a sace nake kallonsa.

Wannan kuwa tun ranar farko ɗanta yana jikinta. Masu barka su cika ɗaki, ta gaishe su a ladabce, ta bar su su ɗauka su yi addu'a, amma idonta yana kan hannuwansu. Da hantsi wayarta takan yi ƙara, ta ɗauko kwalbar maganinsa ta zuƙa a wani ɗan sirinji marar allura ta ɗiga masa a gefen baki, kowa yana gani. Wata maƙwabciyata mai sayar da awara ta ga yaron yana mamular leɓe, ta tsoma yatsa a kofin ruwa za ta ɗiga masa, kamar yadda kowaccenmu za ta yi. Yarinyar ta riƙe mata hannu. A hankali ta riƙe, har tana ba ta haƙuri, amma ba ta saki ba sai da ta goge mata yatsan da gefen zani. Matar ta fito tana huci, ta same ni a madafa ta ce ta ga rashin kunya iri-iri amma ba ta taɓa ganin mai haihuwar fari tana gadin ɗa kamar kaza ba. Wata ta ce ai ba laifinta ba ne, wa ya koya mata, uwa ba ta raye, wadda ta mutun ma ba a cikin al'adar ta tashi ba. Na ce musu masu barka in sun yi barka tafiya suke yi.

Ni dai ban bar abin a bakin likita ba. Kullum in na yi wa yaron wanka sai in taɓa maɗigarsa in ji ko ta faɗa, in duba leɓensa, in duba tsummansa. Yaron da ƙishirwa ke ci ba ya ɓuya a hannuna. Maɗiga lafiya, baki da damshi, fitsari kuwa har bisa zanena na salla. Ban sake tayar da maganar ba shi ruwa ba. Wanka kuma ta cika alkawari. Ruwan da manyan mata ke ihu a cikinsa, wannan 'yar mitsitsiyar sai ta cije leɓe, in yi ta fyaɗa mata ganyen darbejiya ba ta motsa ba. Kunun kanwa ne ta ce a rage masa kanwa, wai tana kumbura mutum. Na rage, ina mita.

Ranar suna gida ya cika tun da safe. Maza suna ƙofar gida an yi raɗin suna, ana fama da rago. Hajiya ta iso da tawagarta, ta kawo wanzamin gidansu, wani tsoho da na sani shekara da shekaru. Aikinsa ranar suna ya aske wa jariri gashin ciki, ya kuma cire masa beli, ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro, wanda muka taso ana cewa in an bar shi yana hana yaro shan nono. Mijin ya riga ya gaya wa uwarsa cewa aski kawai za a yi. Ta ji shi kamar yadda ake jin yara.

Ina makewayi ina yi wa yarinyar wanka, an bar jaririn a kan gado yana barci. Hajiya ta shiga ta ɗauko jikanta, kuma a al'ada ba ta yi laifi ba, ba a neman izinin mai haihuwar fari. Muna cikin wanka sai muka ji muryar wanzamin a bakin zaure yana cewa a kawo tabarma, a riƙe masa kan yaron da kyau. Kafin in ajiye ganyen hannuna ta fizgi zani ta ɗaura ta fita.

Na bi ta. Mata cike da tsakar gida, ga mai jego jiƙe sharkaf, tururi yana tashi a jikinta, ganye manne a bayanta, kai babu ɗankwali, a gaban uwar mijinta. Ta ratsa su ta je ta durƙusa a gaban Hajiya, wadda ke riƙe da yaron, wanzami kuma ya buɗe zabirarsa. Ta ce a yi haƙuri a yi aski kawai. Hajiya ba ta dube ta ba, ni ta duba, ta ce ashe haka ake riƙon mai jego a gidan nan. Ta ce duk 'ya'yanta an cire musu beli, uban yaron ma an cire masa, ba za a fara sabon abu a kan jikanta ba don wata ba ta san kunya ba.

Yarinyar ba ta ɗaga murya ba, amma gidan ya yi tsit har kowa ya ji.

"Hajiya, kin san abin da ke jikina, kowa a nan ya sani. Ina da cutar da ke karya garkuwar jiki, da ita aka haife ni. Shi ba a san ko ya ɗauka ba tukuna. A yanka masa maƙogwaro, sannan in ɗauke shi in zuba masa nonona a kan ciwon? Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama, amma ki ba ni shi."

Tun da aka haife ta ban taɓa jin an faɗi sunan abin a fili a unguwar nan ba, balle a taron suna, balle daga bakin mai shi. Goggonta da ke gefe ta ce, a ƙasa-ƙasa, yau ta tona musu asiri.

"Goggo, wane asiri? Wanda aka ware mini kofi a kansa?"

Wanzamin ya dubi Hajiya, ya dube ni, don gidan nawa ne. Na ce masa a gidana ba za a yanka ba.

"Tsohuwar nan, ke da kika riƙe mini jarirai fiye da kowa a Tudun Wada?"

"Na riƙe. Na yau ne ban riƙe ba. Ka yi askinka ka karɓi goronka."

Ya yi dariya ya ce shi dama tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa, an hutar da shi. Ya mayar da ƙarfensa cikin zabira. Yarinyar ta aika aka ɗauko sabuwar reza da ta saya ta ajiye tun kafin ta haihu, wanzamin ya ɓare ta a gaban kowa. Hajiya ta tsaya da yaron a hannu kamar ba za ta bayar ba. Can ta miƙa shi, ba ga uwar ba, gare ni. Ni na riƙe aka yi askin, uwar tana durƙushe a gefena ba ta tashi ba sai da aka gama.

Da muka koma ɗaki ta yi kuka mai isarta, fuska a cikin filo don kada a ji. Ban lallashe ta ba. Na yi mata faɗan fita da jiƙaƙƙen jiki, na ce in iska ta shige ta ni za a zaga, na mayar da ita na ƙarasa wankan da sabon ruwa. Muna fitowa wayar ta yi ƙara, ta share ido ta ɗauko kwalbar magani.

Sunan bai yi armashi ba, ba zan ɓoye ba. Hajiya ta tafi kafin azahar ba ta taɓa abinci ba, wasu suka bi ta. An bar mana tuwo da yawa. Mata biyu da suka riga suka ce in yi wa 'ya'yansu wanka in sun haihu, suka aiko cewa sun sami wata. Na ce Allah Ya raba lafiya. Mijin ya shigo da yamma ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ce mata da ya san haka za a yi da bai bar bakin zaure ba. Ta ce masa ya je ya ba mahaifiyarsa haƙuri, kada ya kwana bai je ba, don ita ma a ganinta alheri take yi wa jikanta. Wannan maganar ta fi ba ni mamaki a kan ta safe. Yarinyar da aka yi wa abin da aka yi mata tun tana ƙarama, na zaci za ta taso da ɗaci a ciki. Ban san inda ta zubar da shi ba.

Abin da ban zata ba, bayan sunan sai ga wasu suna shigowa da ba masu barka ba. Wata budurwa daga Tudun Jukun ta zo wai a ɗinka mata riga, alhali babu keken ɗinki a gidana. Ita da mai jegon suka daɗe a ɗaki suna magana ƙasa-ƙasa. Wata matar aure ma ta zo, ta ƙi cire niƙabi. Ban tambaya ba, ban kuma bar kowa ya tsaya kusa da taga ba.

Hajiya ba ta sake zuwa ba. Amma ana saura kwanaki a yi arba'in, itacena ya ƙare, sai ga mai keke ya sauke dami a ƙofar gida ya ce daga gidan Hajiya, ba a ba shi wani saƙo ba. Na hura wuta da shi.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki aka ɗebi jinin yaron a dunduniya. Ta riga ta koma ɗakinta a lokacin, amma da sakamakon ya fito ta biyo ta gaya mini: ba a ga komai ba. Na fara hamdala, ta ce in dakata, wannan na farko ne, tunda yana shan nono sai an yaye shi an sake gwadawa kafin a ce ya tsira. Haka ta ci gaba, wata bayan wata, tana ɗinki da shi a baya, tana shan maganinta, ba ta barinsa a hannun kowa sai wanda ta yarda da shi. Har yau akwai masu ce mata marar kunya a unguwar nan. Akwai kuma masu tsallake shaguna uku su kai mata ɗinki.

Ranar gwajin ƙarshe ban iya zama ba. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Wajen azahar na ji sallamarta a zaure, ta shigo da yaron yana tafiya da ƙafarsa, riƙe da yatsanta. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, har da tambayar ƙafata da ke ciwo, ni kuwa kamar in shaƙe ta.

"Ke, bar gaisuwar nan. Me suka ce?"

"Ba shi da ita, Iya. Sun ce an gama."

Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa. Ita ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta jingina da bango ta rufe ido, irin zaman wanda ya sauke kaya daga nesa. Yaron ya saki hannunta ya nufi kajina da gudu, ya cafko jelar zakara, zakaran ya ja shi suka zube tare a cikin dusa. Na tashi na ɗago shi ta hannu ɗaya, na kaɗe masa riga, na ce wa uwar ta tashi ta kama ɗanta kafin ya kashe mini kaji.